Bakin Allura Da Amanar Faifai

Mai karatu, idan ka taso bayan kaset ya kori faifai daga kasuwa, mai yiwuwa ne ka ɗauki abin da zan gaya maka yau a kan rigimar tsofaffi. Ban ga laifinka ba. Ni kaina da na ba shekara saba'in baya ban taɓa zaton zan shafe wata biyu cur ina tufka da warwara a kan wani ɗan abu da bai fi dabino girma ba. Amma haka ta faru gare ni a hunturun shekarar 2024, a nan gidana da ke Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, a kan hanyar da ta haɗa Nguru da Gashuwa. Abin kuwa shi ne kan allura, watau ɗan akwatin nan da ake ɗaurawa a bakin hannun garmaho, wanda allura ke maƙale a ƙarƙashinsa tana bin layin faifai.

Kafin in faɗi yadda na yi zaɓi, tilas in koma baya, domin dalilin tsorona yana can.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magatakardan awon gyaɗa ne a Nguru a zamanin En'e. Tun da layin dogo ya iso garin daga Kano a shekarar 1930, Nguru ta zama ƙarshen hanyar jirgi. Can ake tara gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu na ƙasashen Manga da Bade, har da na ƙetaren iyaka, sa'an nan a loda su zuwa Kano da Ikko. Jirgin da ya tafi da gyaɗa kuwa ba ya dawowa wayam. Cikin abin da ya kawo wa mahaifina har da garmaho irin wanda ake wanawa da hannu, wanda ba ruwansa da lantarki, da faya-fayai masu nauyi, masu saurin fashewa, waɗanda ke juyawa sau 78 a minti ɗaya. Allurarsu ta ƙarfe ce, tana zuwa a cikin ɗan gwangwani, kuma ƙa'ida ita ce a jefar da kowace allura bayan ta bi fuska ɗaya ta faifai. Kan da ke riƙe da ita ya haura giram 100 a nauyi. Faifan ba ya damuwa ƙwarai da wannan, don an yi shi da wani irin ƙaro mai tauri da ake samu daga ƙwaro a Indiya, an gauraya shi da garin dutse, saboda allura ta riga faifai cinyewa.

A farkon shekarar 1975, ina sabon malami a wata makarantar kwana a Gashuwa, aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan na Udoji, har da bashin watannin baya. Abokan aikina wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure. Ni kuwa na shiga jirgi a Nguru, muka ratsa Birniwa da Malam Madori har Kano, na nufi Sabon Gari na sayo garmahon lantarki ƙirar Garrard na Ingila, mai gudu uku, da amfilifaya da lasifika biyu, da faya-fayan Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Makarantarmu tana da injin wuta da ake tayarwa da magariba, saboda haka ɗakina ya zama dandali.

Da hutun Salla ya zo, sai na ɗauki ƙaramin faifai ɗaya na Shata, mai juyi 45, na tafi da shi gida don in nuna. A lokacin mahaifina ya bar aiki ya koma ƙauyenmu, inda babu lantarki. Ya juya faifan a hannunsa, ya yi mamakin rashin nauyinsa, ya ce, "Kawo mu ji abin da ka sayo da kuɗin Udoji." Ya wana garmahonsa, ya ɗaura sabuwar allura, ya saukar. Muryar Shata ta fito siririya da sauri kamar kukan tsuntsu, yara suka yi ta dariya. Ni ma na yi dariya, har sai da na lura da wani baƙin zare-zare yana tashi bayan allura kamar ana fere kabewa. Da na koma Gashuwa na ɗora faifan a kan nawa garmahon, ba abin da ya rage sai shuuu, da wata inuwar kalangu can ƙasa. Bi ɗaya tak ya kashe shi. Da na ba mahaifina labari, sai ya yi shiru, kana ya ce, "Ashe faifai suna ne ya tara." Ban taɓa jin ya ba ɗansa haƙuri ba sai ran nan.

Daga baya na gane abin da ya faru. Faifan zamani, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948 mai juyi 33 da sulusi, da wanda RCA Victor ya biyo da shi a 1949 mai juyi 45, na roba ne mai taushi, layinsa kuma siriri ne ƙwarai. Bakin allurar da ke bin tsohon faifai mai juyi 78 yakan kai kashi 3 cikin dubu na inci, alhali na sabon bai kai kashi 1 cikin dubu ba. Mun saka garmar shanu ke nan a cikin fangalin albasa.

Shekaru suka shuɗe. Kaset ya zo ya fi sauƙi, yana aiki da batir, ana tafiya da shi gona. Na naɗe garmahon a cikin tsohon bargo, na jera faya-fayan a adaka tare da guda tara da na gada daga mahaifina, na manta da su. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, ban buɗe adakar ba. Sai da jikana, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ya zo hutu yana neman wata takardar gona, ya ci karo da ita. Ya ɗago wani faifai ya ce, "Tsoho, wannan kuma murfin wace tukunya ce?" Na ce masa, "Kai da ba ka san kome ba sai latsa waya, ajiye kafin ka fasa abin da ya girmi ubanka."

Faifan da ya ɗago ɗin na mahaifina ne, gara ta cinye takardar tsakiyarsa, ba suna ba lamba. Amma na gane shi da wata 'yar ɓallewa a gefe. Waƙar wani mai garaya ce da mahaifina yakan sa bayan sallar isha'i, ya kishingiɗa a tabarma. Waƙoƙin Shata da na Ɗan Maraya da yawa suna cikin wayar jikana, amma wannan ban taɓa jin ta a rediyo ko a kaset ba. Nan take na ji ina son in sake jin ta kafin in bar duniya, nan take kuma tsoron nan na 1975 ya dawo mini. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Muka kai garmahon wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Nguru, wanda ya ga zamanin faifai da idonsa. Ya sa wa injin mai, ya sake ɗan gargaren roba mai juya farantin, ya gwada gudun ukun duka. Sa'an nan ya ce, "Malam, inji ya tashi, amma kan allurar nan ya mutu." Na ce, "Haba Alhaji, ga allura nan garau ina gani." Ya ce ba a allurar matsalar take ba. Allura tana zaune ne a bakin wani ɗan tsinken ƙarfe, tsinken kuma ya ratsa ta cikin wata 'yar roba wadda ke ba shi damar lanƙwasawa ya bi layin faifai. Zafin shekara hamsin ya busar da robar ta yi tauri kamar tsohuwar fata. Allurar da ba ta lanƙwasawa kuwa ba ta bin layi, sai dai ta sassaƙe shi. Ya ce in nemi sabon kai, kuma kada in kuskura in ɗora faifan da nake ƙauna kafin nan.

Jikana ya nuna mini a wayarsa wasu ƙananan garmaho masu kama da jakar hannu, masu araha, da lasifikarsu a jiki, ya ce me zai hana mu huta da wahala. Wannan ne ya sa na zauna na bi zancen daga tushe, ina tambayar Alhaji, yaron yana karanto mini bayanin da masu ƙera abin suka rubuta. Ga abin da na fahimta, kan allura iri uku ne.

Na farko shi ne mai ɗan dutsen tangaram a ciki, wanda ke ba da lantarki idan an matsa shi. Shi ne a galibin garmaho masu araha. Yana da ƙarfin murya, amma yana bukatar a danna shi a kan faifai da nauyin giram 4 zuwa 6, wani lokaci ma fiye, kuma galibi hannun da ke ɗauke da shi ba shi da wurin daidaita nauyi. Araha ba ta ado.

Na biyu shi ne mai maganaɗisu mai motsi, wanda za ka ga an rubuta haruffa biyu, MM, a jikin kwalinsa. A ƙarshen tsinken nan akwai ɗan mayen ƙarfe ƙanƙane. Idan allura ta bi lanƙwashe-lanƙwashen layin faifai sai tsinken ya girgiza, mayen ƙarfen ya yi ta rawa a gaban wasu naɗe-naɗen waya da ke kafe a cikin akwatin, wannan rawar kuwa ita ke haifar da lantarkin da amfilifaya ke mayarwa sauti. Lantarkin kaɗan ne, tsakanin milibolt 3 da 5. Milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt, alhali batirin tocila guda yana da bolt ɗaya da rabi.

Na uku shi ne kishiyar na biyu, mai alamar MC. A nan mayen ƙarfen ne a kafe, naɗin wayar ke motsi. Masana sauti da yawa suna yabon tsabtar muryarsa, amma yana da tsada, lantarkinsa galibi bai wuce rabin milibolt ba, har sai an ƙara masa wata na'ura, kuma babban abin shi ne, a mafi yawansu ba a cire allurar. In ta cinye ko ta karye sai a mayar da kan gaba ɗaya ga masu ƙera shi.

Da na ji wannan na ƙarshen sai na san ba nawa ba ne. Mutumin da ke zaune a Karasuwa, inda ƙurar hunturu ke shiga har cikin adaka a kulle, inda jikoki ke kai hannu ga kome, bai kamata ya sayi abin da gyaransa ke wata nahiya ba. Shi kuwa mai maganaɗisu, allurarsa da tsinkenta da robarta duk suna cikin ɗan murfi guda da ake zarewa da yatsa biyu a sa wani. Wannan ne ya raba mini gardama, ba wai daɗin murya ba, domin kunnen ɗan shekara saba'in ba ya rarrabe abin da masana ke jayayya a kai.

To, ko a cikin masu maganaɗisun ma akwai zaɓi, kuma na ga tambaya huɗu ce mutum zai yi wa kansa kafin ya fitar da kuɗi.

Ta farko, waɗanne irin faya-fayai gare ka? Ni iri biyu gare ni, na roba da na mahaifina. Kamar yadda babbar allura ke kashe faifan roba, haka siririyar allura in ta shiga faffaɗan layin faifai mai juyi 78 sai ta nutse har ƙasa, inda datti ya taru, ta yi ta yawo, ba abin da za ka ji sai ƙara. Saboda haka ina bukatar kai guda mai karɓar allura iri biyu. Har ila yau, bakin allurar faifan roba, wanda ɗan ƙwayar daimon ne, yana da siffa daban-daban. Akwai zagayayye kamar bakin biro, akwai mai siffar ƙwai, akwai kuma masu kaifin gefe, masu tsada, waɗanda ke tono kowane ɗan sauti. Amma mai tono sauti yana tono ƙura da ƙarzuwa ma, kuma yana son a daidaita shi daidai wa daida. Ga faifan da ya sha biki da hannun jama'a irin nawa, zagayayyen ya fi haƙuri.

Ta biyu, wane irin hannu garmahonka yake da shi? Yawancin kawuna ana ɗaura su ne da kusoshi biyu masu tazarar rabin inci, nawa ma haka yake, amma akwai wasu garmaho na wajajen 1980 da ake soka musu kan kawai a ɗaure da kusa ɗaya daga gefe, kuma wannan ba ya shiga wurin wancan. Sa'an nan hannu mai nauyi irin na tsofaffin garmaho yana son allura mai ɗan taurin roba. In ka haɗa shi da mai taushi ƙwarai, kamar ka ɗora buhunan gero ne a kan keke, da an haɗu da ɗan tudu sai ya yi tsalle.

Ta uku, amfilifayarka tana da ƙofar da aka rubuta wa Phono? Masu yanka faifai sukan rage ƙarfin sauti mai kauri su ƙara na siriri don layi ya samu wuri, bisa wata ƙa'ida da kamfanonin Amurka suka amince da ita a 1954. Wannan ƙofar ce ke mayar da sautin yadda yake, ta kuma ƙarfafa ɗan lantarkin nan. In babu ita, za ka ji murya can nesa kamar daga cikin rijiya, ka zaci kan ne ba shi da kyau. Tawa ta 1975 tana da ita, kuma an yi ta ne domin mai maganaɗisu.

Ta huɗu, za ka samu allurar canji nan gaba? Allura ba ta dawwama. Gwargwadon siffar bakinta, takan yi awa 300 zuwa 1000 kafin ta cinye, ƙura kuma tana rage mata kwana. Abin ba mamaki, tun da a fuska ɗaya ta babban faifai takan yi tafiyar da ta haura mita 400. Kamfanin Shure na Amurka, wanda kawunansa suka yi suna a zamaninmu, ya daina ƙera su a 2018. Amma Ortofon na Danmak da Audio-Technica na Japan suna nan suna yi, kuma kowannensu yana da allurar faifai mai juyi 78.

A ƙarshe na tsaya a kan wani mai suna VM95 na Audio-Technica, ba don ya fi kowa ba, sai don akwatinsa guda ne, allurai daban-daban suna shiga. Na sayi mafi arahar cikinsu, mai zagayayyen baki, da kuma faffaɗar allurar tsohon faifai. Jikana ya so in ƙara kuɗi in sayi mai kaifin gefe. Na ce masa daidai ruwa daidai tsaki. Shi ya yi odar ta intanet, aka kawo Kano, wani direba ɗan garinmu ya taho mana da ita.

Alhaji ya ɗaura kan, ya haɗa wayoyi huɗu, ja da kore na dama, fari da shuɗi na hagu. Sa'an nan ya fito da ɗan sikeli irin na masu awon zinariya, ya daidaita nauyin allurar roba a kan giram 2, ya nuna mini yadda zan kai shi kusan giram 5 in zan sa ta tsohon faifai. Na tuna masa yadda a da in allura tana tsalle mukan ɗora mata kwabo a ka. Ya ce, "Malam, da kwabon nan aka kashe rabin faya-fayan ƙasar nan." Amma ya gargaɗe ni kada tsoro ya sa in rage nauyin ya gaza abin da masu ƙerawa suka faɗa, domin allurar da ba ta zauna sosai ba takan yi ta dukan bangon layi, ɓarnarta kuma ta fi ta mai ɗan nauyi. Ya ƙara da cewa in wanke faya-fayan da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, kada in kusanto da sinadarin sifirit ga na mahaifina, don yana narkar da su, in kuma riƙa jera su a tsaye, nesa da rana.

Daren da muka gwada, na aika aka kira yayata, wadda ita kaɗai ta rage mini a cikin 'ya'yan mahaifina. Muka fara da wani faifan da ba na jin asararsa, muka ji lafiya lau. Sa'an nan na zare allurar da hannuna na sa faffaɗar, na mayar da gudu kan 78, na daidaita nauyi, na ce wa yaron ya kunna wayarsa ya ɗauka. Hannuna yana rawa na saukar. Aka ji shuuu kamar yayyafi a kan kwano, sai ga garayar ta fito, sai ga muryar. Na zuba wa bayan allura ido har ƙarshe, ba zare ko ɗaya da ya tashi. Minti uku ne kacal. Yaya ba ta ce kome ba sai da aka gama, ta goge ido da gefen mayafinta ta ce, "A daidai nan Baba yakan yi tari." Jikana bai yi mini tsiya ba a daren nan.

Sau ɗaya na bi faifan, na mayar da shi adaka. Yanzu a waya muke sauraron sa, an kuma tura wa dangi a Kano da Damaturu da Maiduguri.

Na san akwai irin wannan adaka a gidaje da yawa daga Nguru har Sakkwato, a ƙarƙashin gado ko a bayan rumbu. Mai karatu, in akwai a gidanku, kada ka zubar, kada kuma ɗoki ya sa ka ɗora abin da ke ciki a kan garmahon da ka fara samu. Ka duba irin faifan tukuna, ka nemi allurar da ta dace da shi, ka auna nauyinta, ka kuma sa a ɗauki sautin tun a bi na farko. Mawaƙan da ke ciki galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, ba za su sake rera ta ba in layin ya goge. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.